Yusufiyya a Maiduguri: Daga Wa'azi zuwa Yaƙi

Yusufiyya, wadda duniya ta fi sani da Boko Haram, harka ce ta addini da siyasa da ta taso a Maiduguri, babban birnin Jihar Borno, a farkon shekarun 2000, ƙarƙashin jagorancin Muhammad Yusuf (1970–2009). Da wa'azi ta fara, a masallatai da filayen unguwanni. A watan Yulin 2009 ta yi fito-na-fito da hukuma, daga 2010 kuma ta rikiɗe ta zama ƙungiyar 'yan bindiga, wadda yaƙinta ya shafi Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru. Sunan da ta ɗauka bayan mutuwar Yusuf shi ne Jama'atu Ahlis Sunna Lidda'awati wal Jihad. Kafin laƙabin Boko Haram ya bi ta, mutanen gari 'yan Yusufiyya suke ce wa mabiyanta.

Matsayinta a tsakanin takwarorinta

Tunanin cewa dole ne mulki ya koma kan tafarkin Musulunci ya haifar da ƙungiyoyi iri-iri a ƙarni na 20. Hasan al-Banna ya kafa Ikhwanul Muslimun a Masar a 1928, Abul A'ala Maududi ya kafa Jama'ati Islami a Indiya a 1941, juyin juya halin Iran ya zo a 1979, Taliban kuma ta kama Kabul a 1996. Waɗannan ba abu ɗaya ba ne. Wasu sun shiga zaɓe sun nemi kujera, wasu sun tsaya ga karantarwa da gyaran aƙida, wasu kuwa sun kafirta gwamnatocin ƙasashen Musulmi suka ɗauki makami. Abin lura game da Yusufiyya shi ne, cikin ƙasa da shekara goma ta taɓa duka ukun: ta fito daga da'irar masu karantarwa, ta raɓi 'yan siyasa, ta ƙare a fagen daga.

Ƙasar da ta taso a ciki

Borno ba baƙuwar Musulunci ba ce. Sarakunan Kanem sun karɓi addinin tun ƙarshen ƙarni na 11, kuma ƙasar ta yi suna wajen haddar Alƙur'ani da rubuta shi, har idan aka ce almajiri ya tafi gabas, Bahaushe ya san inda ake nufi. Gardama a kan wane ne kafiri ita ma tsohuwa ce a nan. Bayan masu jihadi sun ci Birnin Ngazargamu a 1808, Shehu Muhammad al-Amin al-Kanemi ya yi musayar wasiƙu da Muhammadu Bello na Sakkwato, yana kafa hujja cewa saɓo ba ya fitar da Musulmi daga addini, saboda haka ba shi halatta a yaƙe shi. Bello ya adana wani ɓangare na wannan muhawara a littafinsa Infaƙul Maisuri.

Shi kansa garin Maiduguri sabo ne idan aka kwatanta da Kano ko Katsina. A 1907 Turawan Ingila suka kafa shi, Shehu Abubakar Garbai kuma ya mai da fadarsa nan, wato Yerwa. Jirgin ƙasa ya iso a 1964, garin ya zama hedikwatar Jihar Arewa maso Gabas a 1967, aka buɗe jami'a a 1975. Farin shekarun 1970 da 1980 da janyewar ruwan Tafkin Chadi sun kwararo da mutanen karkara cikin gari, unguwannin bayan gari suka cika da samari masu ƙaramar sana'a da marasa ita. A ɗaya daga cikin irin waɗannan unguwanni, Bulumkutu, almajiran Maitatsine suka yi arangama da jami'an tsaro a watan Oktoban 1982, shekara biyu bayan an kashe malaminsu Muhammadu Marwa a Kano. Ana yawan haɗa Maitatsine da Yusufiyya, amma aƙidarsu ba ɗaya ba ce. Inda suka yi kama shi ne irin mutanen da suka ja, da irin maganin da hukuma ta yi musu.

Saɓani a cikin gida

Manyan malaman Maiduguri na da can 'yan ɗariƙa ne, musamman Tijjaniyya, irin su Shehu Ahmad Abul Fathi da Shehu Sharif Ibrahim Saleh, kuma suna da kusanci da fadar Shehun Borno. Izala, wadda Shehu Isma'ila Idris ya kafa a Jos a 1978 da goyon bayan Shehu Abubakar Gumi, ta shigo tana sukar ɗariƙu da bidi'a. A shekarun 1990 sai ga wani sabon rukuni na matasan malamai da suka yi karatu a Jami'ar Musulunci ta Madina, masu kiran kansu Ahlus Sunna. Fitaccensu shi ne Shehu Ja'afar Mahmud Adam na Kano, wanda yake zuwa tafsirin azumi kowace shekara a Masallacin Indimi da ke Maiduguri.

A wannan da'ira Muhammad Yusuf ya yi fice. An haife shi a ƙauyen Girgir, cikin Ƙaramar Hukumar Jakusko ta Jihar Yobe ta yanzu. Bai yi karatun boko mai zurfi ba, bai kuma yi jami'a a ƙasar Larabawa ba, amma yana da baki, yana wa'azi da Hausa da Barbarci yadda ɗan acaba da ɗan kasuwa za su gane. Masu bincike da dama sun ruwaito cewa ya taɓa raɓar harkar Ibrahim Zakzaky kafin ya koma wajen Ahlus Sunna, inda ya zama jagoran matasa.

Ba a daɗe ba hanya ta rabu. Shehu Ja'afar da abokansa suna sukar gwamnati, amma suna ganin Musulmi ya yi boko, ya yi aikin gwamnati, ya kaɗa ƙuri'a, don kada a bar fagen ga wasu. Yusuf ya ce a'a. A wajensa tsarin mulkin Najeriya ɗagutu ne, dimokuraɗiyya kafirci ce, aikin soja da na ɗan sanda da na kotu bauta wa ɗagutu ne, makarantar boko a yadda take kuma haramun ce, saboda cakuɗa maza da mata da kuma darussan da ya ce sun saɓa wa nassi. Malaman Sunna sun yi ta zama da shi a ɓoye da sarari. Muƙabalarsa da Isa Ali Pantami a Bauchi a 2006 ta yaɗu a faifai, Shehu Ja'afar da Shehu Muhammad Auwal Albani na Zariya kuma sun yi masa raddi a karatuttukansu. An harbe Shehu Ja'afar yana limancin sallar asuba a masallacinsa na Ɗorayi a Kano ranar 13 ga Afrilu 2007. An kashe Albani a Zariya ranar 1 ga Fabrairu 2014, kuma Abubakar Shekau ya ɗauki alhakin kisan.

Siyasar Shari'a

Da mulkin farar hula ya dawo a 1999, Gwamna Ahmad Sani na Zamfara ya ƙaddamar da Shari'a, jihohin Arewa goma sha ɗaya suka bi sahu, har da Borno a zamanin Gwamna Mala Kachalla. Talakawa sun sa rai cewa Shari'a za ta kama ɓarawon gwamnati kamar yadda za ta kama ɓarawon akuya. Da abin bai zo haka ba, sai aka fara cewa Shari'ar 'yan siyasa ce. A Borno an zargi Kachalla da jan ƙafa, kuma wannan zargi ya zama makamin yaƙin neman zaɓen 2003, wanda Sanata Ali Modu Sheriff ya ci a jam'iyyar ANPP. A lokacin ne ƙungiyar 'yan bangar siyasa da ake kira ECOMOG ta yi tashe a garin.

Rahoton ƙungiyar International Crisis Group na 2014 ya ce an yi fahimtar juna tsakanin Sheriff da Yusuf: goyon bayan matasa a zaɓe, a musayar alkawarin aiwatar da Shari'a sosai. Sheriff ya sha musanta cewa yana da wata alaƙa da ƙungiyar. Abin da ba a gardama a kai shi ne, Alhaji Buji Foi, wanda aka sani da kusanci da Yusuf, ya riƙe muƙamin kwamishinan harkokin addini a gwamnatin Sheriff, daga baya ya ajiye.

A ƙarshen 2003 wasu masu zafin ra'ayi daga cikin matasan, ƙarƙashin wani Muhammad Ali, suka yi hijira zuwa Kanamma a Jihar Yobe, dab da iyakar Nijar. Jama'a suka sa musu suna 'yan Taliban. Sun far wa ofisoshin 'yan sanda a Kanamma da Geidam, sojoji suka tarwatsa su, ragowarsu suka sake kai hari Bama da Gwoza a watan Satumban 2004. Yusuf ya tafi Saudiyya a wannan tsakani, ya nesanta kansa da su, aka bar shi ya dawo. Wasu daga cikin waɗanda suka tsira daga Kanamma sun koma ƙarƙashinsa.

Markaz

Cibiyarsa ita ce Markaz Ibn Taimiyya a unguwar Railway, kusa da tashar jirgin ƙasa, a filin surukinsa Baba Fugu Muhammad. Markaz ba masallaci ba ne kawai. Akwai makaranta, akwai majalisar shura, akwai amirai na jihohi da na unguwanni. Ana ciyar da baƙo, ana ba saurayi jari ko babur ya yi acaba, ana yi wa marar hali aure da sadaki mai sauƙi. Wanda ya zo daga ƙauye bai san kowa ba, a nan yake samun 'yan uwa. Ba talakawa kaɗai suka shiga ba. Akwai 'ya'yan masu hali da ɗaliban jami'a, wasunsu har suka yayyaga takardun shaidar karatunsu. Saboda haka bayanin da ke jingina komai ga talauci bai cika ba. Talauci ya samar da masu sauraro, amma abin da suka saurara aƙida ce, mai littattafai da hujjoji. Yusuf ya tattara ta a littafinsa na Larabci, Hazihi Aƙidatuna wa Manhaju Da'awatina.

Wa'azinsa ya bazu ta kaset da faifai da wayar hannu, har gidajen talabijin na jihar sun sha sa shi. Jami'an tsaro sun kama shi fiye da sau ɗaya, aka kai shi Abuja, aka sake shi, kowace dawowa kuma tana ƙara masa kwarjini a idon mabiya. Manyan na kusa da shi su ne Abubakar Shekau da Mamman Nur.

Yulin 2009

A farkon 2009 aka fara tilasta wa masu babur sa hular kwano. A Maiduguri rundunar haɗin gwiwa ta jiha, Operation Flush, tana cikin masu aiwatarwa, kuma da ma akwai jiƙaƙƙiya tsakaninta da 'yan Yusufiyya. Ranar 11 ga Yuni, mabiya Yusuf suna rakiyar gawa zuwa maƙabartar Gwange a kan babura, jami'an suka tare su a kan batun hular. Gardama ta kaure, aka buɗe wuta, mutum 17 suka ji rauni. Babu jami'in da aka hukunta, babu wanda ya je ba da haƙuri. Yusuf ya yi wani wa'azi da ya kira buɗaɗɗiyar wasiƙa ga gwamnatin tarayya, wanda a cikinsa barazanar ramuwa ta fito fili.

Ranar 26 ga Yuli faɗa ya ɓarke a Bauchi, ya bazu zuwa Potiskum da Wudil da Maiduguri. A Maiduguri mabiyan sun far wa hedikwatar 'yan sanda da gidan yari, suka ƙona coci-coci, suka kashe jami'ai da fararen hula, ciki har da limaman Kirista da suka tsare a Markaz. Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ba sojoji umarni, aka yi wa Markaz ruwan wuta, aka rushe shi. Cikin kwana biyar an kashe mutum sama da 700, akasari a Maiduguri, aka binne da yawa a kaburburan bai-ɗaya.

Ranar 30 ga Yuli sojoji suka kama Yusuf da ransa. Akwai bidiyon tambayoyin da suka yi masa da Hausa: yana tsaye ba riga, da bandeji a hannu, sojoji kewaye da shi. Aka tambaye shi yadda yake haramta boko alhali an samu kwamfuta da kayan asibiti a gidansa, ya amsa cewa waɗannan kayan fasaha ne, boko kuwa abu ne daban. Sojoji suka miƙa shi ga 'yan sanda. Bayan 'yan sa'o'i aka nuna gawarsa da raunukan harsashi, 'yan sanda suka ce ya yi yunƙurin gudu ne. Buji Foi ma a hannun 'yan sanda aka harbe shi. Baba Fugu, dattijo mai shekara sama da 70, da ƙafarsa ya kai kansa ofishinsu, bai fito da rai ba. A watan Fabrairun 2010 tashar Aljazeera ta nuna hotunan jami'ai suna kwantar da mutane a ƙasa suna harbewa, har da masu sandar guragu.

Yusuf ne ya tara makamai ya shirya tawaye, wannan ba abin musu ba ne. Amma kashe shi ba tare da shari'a ba ya rufe bakin da zai faɗi waɗanda suka taimake shi, ya kuma ba magadansa hujjar da suka yi shekaru suna jan mutane da ita. Wata babbar kotun Borno ta ba da umarnin a biya iyalan Baba Fugu diyyar naira miliyan 100 a 2010, aka biya a 2012 zamanin Gwamna Kashim Shettima. An gurfanar da jami'an 'yan sanda biyar a Abuja a 2011 kan kisan Yusuf, daga baya kotu ta sallame su.

Yaƙin cikin gari

Hukuma ta ɗauka an gama. A 2010 Shekau, wanda aka ce ya mutu, ya bayyana a bidiyo. Ranar 7 ga Satumba aka fasa gidan yarin Bauchi, fursunoni sama da 700 suka tsere. A Maiduguri sai kisan ɗauki-ɗai-ɗai ya fara: mutum biyu a kan babur, su harbe ɗan sanda ko mai unguwa ko malami, su ɓace cikin lungu. An kashe Malam Bashir Kashara, mai sukar su a wa'azinsa, a watan Oktoban 2010. An kashe Modu Fannami Gubio, ɗan takarar gwamna na ANPP, a watan Janairun 2011, sai Abba Anas, ɗan uwan Shehun Borno, a watan Mayu. Tsohon shugaban ƙasa Olusegun Obasanjo ya ziyarci iyalan Baba Fugu a watan Satumba don neman sulhu, kwana biyu bayan haka aka harbe Babakura Fugu wanda ya karɓe shi. Ranar 13 ga Yuli 2012 ɗan ƙunar baƙin wake ya nufi Shehun Borno, Abubakar ibn Umar Garbai, bayan sallar Juma'a a ƙofar fadarsa, Shehun ya tsira. A watan Nuwamba aka kashe Janar Mamman Shuwa a Gwange.

Mutanen gari suka rasa tudun dafawa. Wanda ya tona asirin 'yan ƙungiya, za a bi shi har gida a yanka. Idan kuma bam ya tashi a unguwa, rundunar haɗin gwiwa da aka kafa a 2011 sai ta zagaye wurin, ta kwashe samari, wani lokaci ta ƙona shaguna da gidaje. Ƙungiyoyin Amnesty International da Human Rights Watch sun tattara shaidu masu yawa a kan wannan. An hana hawa babur a garin a watan Yulin 2011, jami'a ta rufe na wani lokaci, baƙin 'yan kasuwa suka tattara suka tafi. Mutane har suka daina ambaton sunan ƙungiyar a bainar jama'a, sai dai a ce yaran nan.

Kato da Gora

Ranar 14 ga Mayu 2013 Shugaba Goodluck Jonathan ya kafa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa, aka katse layukan waya. Amma abin da ya sauya al'amari a cikin gari daga unguwanni ya fito. A watan Yuni samari, waɗanda aka sa wa suna 'yan Kato da Gora, suka ɗauki gora da adda da kwari da baka, suka kafa shingaye a bakin layuka, suna tsayar da mota da keke-napep, suna duban fuska. Abin da soja baƙo ba zai iya ba, su suna iyawa, don tare suka tashi da waɗanda ake nema, sun san gidan kowa. Mata suka shiga don binciken mata. Cikin 'yan makonni mayaƙan suka fice zuwa dajin Sambisa da duwatsun Gwoza. Su ma 'yan Kato da Gora an zarge su da kisa ba bisa ƙa'ida ba da cin zarafi, ɗaruruwansu kuma sun mutu a fagen daga.

Korar ta ceci birnin, ta jefa karkara cikin bala'i. An sace ɗalibai mata 276 a Chibok a watan Afrilun 2014, Gwoza ta faɗi a watan Agusta, Bama a watan Satumba, Baga a watan Janairun 2015. Maiduguri kuwa an kai mata farmaki sau da dama ba a ci ta ba: sansanin sojan sama a watan Disamban 2013, barikin Giwa ranar 14 ga Maris 2014, sai manyan hare-hare biyu ranar 25 ga Janairu da 1 ga Fabrairu 2015. Bayan harin Giwa, Amnesty ta ce an kashe sama da mutum 640, akasarinsu tsararrun da suka tsere aka sake kamawa. Garin ya cika da 'yan gudun hijira, wasu a sansanoni irin su Bakassi da Dalori, mafi yawa a gidajen dangi da na waɗanda ba su ma san su ba. Da Muhammadu Buhari ya hau mulki ranar 29 ga Mayu 2015, ya ba da umarnin a mai da cibiyar jagorancin yaƙin Maiduguri.

Rarrabuwa

Tambayar wa ya halatta a kashe ita ce ta raba ƙungiyar. Ansaru ta ɓalle a 2012 tana sukar kisan Musulmi. Shekau ya yi wa Abubakar al-Bagadadi na ƙungiyar IS mubaya'a a watan Maris 2015, amma a watan Agustan 2016 IS ta naɗa Abu Mus'ab al-Barnawi, ɗan Muhammad Yusuf, a matsayin shugaban reshenta na Afirka ta Yamma, wato ISWAP. Shekau yana ganin duk Musulmin da ya zauna ƙarƙashin gwamnati da son ransa ya kafirta, shi ya sa yake tura yara mata da bam kasuwanni da masallatai, kamar harin masallacin Jami'ar Maiduguri na ranar 16 ga Janairu 2017 da ya kashe Farfesa Aliyu Mani. Ɓangaren Barnawi ya fi mai da hankali ga sojoji da ma'aikatan agaji da Kiristoci, yana karɓar haraji daga masunta da makiyaya a bakin tafki. Shekau ya mutu a Sambisa a watan Mayun 2021 lokacin da mayaƙan ISWAP suka rutsa shi. Dubban mutanensa da iyalansu suka miƙa wuya, aka tsugunar da da yawa a sansanin alhazai na Maiduguri, kuma maganar mai da tubabbu cikin jama'a ta zama abin muhawara mai zafi tsakanin gwamnati da waɗanda aka kashe wa dangi.

Gwamna Babagana Umara Zulum ya sa aka rufe sansanonin 'yan gudun hijira na gwamnati da ke cikin birnin daga 2021, ana mai da mutane garuruwansu. Yaƙin bai ƙare ba. A watan Nuwamban 2020 an yanka manoman shinkafa sama da 40 'yan Zabarmari, tafiyar ƙasa da sa'a ɗaya daga birnin, a watan Janairun 2021 kuma aka fasa turakun lantarki na hanyar Damaturu, garin ya daɗe cikin duhu. Hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNDP, ta ƙiyasta cewa zuwa ƙarshen 2020 rikicin ya ci rayuka kusan 350,000 a Borno da Yobe da Adamawa. Kimanin 35,000 ne suka mutu ta hanyar makami. Sauran yunwa da cuta ne suka kashe su, kuma mafi yawansu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar.